Ɗankwairo: Muryar Da Fiyano Ta Kasa Haɗiyewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu tura waƙa a kasuwar Jega ya san yayin da ake ciki: a ɗauko tsohuwar waƙar fada, a cire kotso, a aza mata fiyano. Turawa ma suna yi, su ɗauki waƙoƙin rok su mayar da su kiɗan rockabilly na shekarun 1950. To amma mu nawa ne a cikin kamfas muka san mai waƙar ta asali?

An haifi Alhaji Musa Ɗankwairo wajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Zamfara ta yau. Gadon gida ya yi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma Musa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa tawagar a Maradun. Daga waƙar manoma ya koma ta sarakuna, har sunansa ya kai Kaduna, inda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙin da suka game Arewa. Daura, Kano da Zazzau duk sun ji shi.

Ƙarfinsa na ga amshi. Ba ya barin 'yan amshi su tsaya maimaitawa kawai. Sai ya ɗauko magana ya sake ta, su karɓe su ƙarasa, murya bisa murya. Nan ne 'yan situdiyo ke faɗuwa, don mutum ɗaya da kwamfuta ba zai zama tawaga ba. Wasu ko sunansa ba sa ambata, wallahi abin kunya.

Ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka riƙe kotson.