Thomas Edison da Na'urar Zaɓen da Aka Ƙi Saye

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, kalmar Turancin nan electronic voting, wadda ake gajarce ta zuwa e-voting, takan cika bakin 'yan boko, mu kuma mu fassara ta da zaɓe ta na'ura. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ina ganin hanya mafi sauƙi ta gane kalmar ita ce mu bi rayuwar mutumin da tarihinsa ya haɗa da na'urar da kuma asalin sunanta, wato Thomas Alva Edison.

An haifi Edison ranar 11 ga Fabrairu, 1847, a garin Milan na Jihar Ohio ta Amurka, ya girma a Port Huron ta Jihar Michigan. Zamansa a makaranta bai wuce 'yan watanni ba, mahaifiyarsa Nancy ce ta ci gaba da karantar da shi a gida. Tun yana yaro ya shiga tallar jarida da alewa a cikin jirgin ƙasa, kuma a shekarun ne jinsa ya soma raguwa. Daga nan ya koyi aikin buga wayar tangarahu, ya yi ta yawo gari-gari, har ya sauka Boston a 1868.

A can ne, yana ɗan shekara 21, ya ƙera na'urar da ta zama ƙirƙirarsa ta farko da gwamnati ta yi wa rajista, ranar 1 ga Yuni, 1869, mai lamba 90,646. Na'urar ƙirga ƙuri'un 'yan majalisa ce. Kowane wakili yana da makunni a kujerarsa, ya murɗa shi ɓangaren amincewa ko na ƙi. A teburin akawu kuwa akwai sunayen wakilai da aka zuba da haruffan ƙarfe a layi biyu. Sai a shimfiɗa takardar da aka jiƙa da sinadari a kansu, a bi ta da abin murzawa, wutar lantarki ta fito da sunan kowa a layin da ya zaɓa, wasu agoguna biyu kuma su nuna jimilla. Aikin da kan ci dogon lokaci ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya ya koma na ɗan taƙi.

Da aka kai ta Washington, na'urar ta yi aiki, amma kwamitin majalisa ya ƙi ta. Dalilin da shugaban kwamitin ya bayar shi ne jinkirin kiran suna makami ne a hannun marasa rinjaye: a cikinsa ake jan ƙafa, a yi zawarcin masu shakka, a hana doka wucewa da gaggawa. Edison ya tashi a tutar babu, ya kuma ƙudura cewa ba zai sake ƙera abin da ba shi da masaya ba. Majalisar Wakilan Amurka ba ta soma kaɗa ƙuri'a da na'ura ba sai a Janairun 1973, fiye da shekara 100 bayan haka.

Ƙudurin nasa ya yi masa rana. Ya koma New York a 1869 ya inganta na'urar buga farashin hannun jari, ya kafa ɗakin bincike a Menlo Park a 1876, ya fito da garmaho a 1877, da ƙwan lantarki mai daɗewa a 1879, sannan ya buɗe tashar wuta ta titin Pearl a New York a 1882. Ya kuma sha faɗuwa: ya dage kan irin wutar da ba ta iya tafiya nesa har George Westinghouse ya yi galaba a kansa, ya kuma narkar da dukiya a harkar tace tama da ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Ya rasu ranar 18 ga Oktoba, 1931, a West Orange, da rajistar ƙirƙira 1,093 a Amurka.

To ina kalmar ta shigo? Edison ya kira na'urarsa electrographic, wato mai rubutu da lantarki, domin a lokacin babu kalmar electronic da ma'anarta ta yau. Tushen duka biyun shi ne elektron ta Girkanci, sunan wani busasshen ƙaron itace da ake yin tasbaha da shi, wanda idan an goge shi yakan jawo ƙananan abubuwa. Daga wannan tushe muka samo tamu kalmar, lantarki. A farkon shekarun 1880, Edison ya lura cewa wuta tana tsallakawa daga zazzafan zare zuwa wani ƙarfe ta cikin sararin ƙwan da aka zuƙe wa iska. Ya yi wa abin rajista a 1884, ya wuce bai bi diddigi ba. Sai a 1891 George Stoney ya raɗa sunan electron, a 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayar, a 1904 kuma John Fleming ya ɗora kan abin da Edison ya gani ya ƙera ƙwan da ya share fagen rediyo, daga baya kwamfuta. Saboda haka electric na nufin abin da wuta ke motsawa, electronic kuwa abin da ke sarrafa bayani ta hanyar juya waɗannan ƙwayoyi.

Rabin kalmar na biyu ne ya fi damuna. A yau ana cusa ayyuka uku a cikinta: tantance mai zaɓe, kaɗa ƙuri'ar kanta, da aika sakamako. Na'urar karanta kati ta 2015 tantancewa kawai ta yi. BVAS ta 2023 ta tantance, ta kuma ɗauki hoton takardar sakamako don turawa, amma ƙuri'ar da dangwale aka kaɗa ta a takarda, aka ƙirga da hannu. Abin da ya cancanci sunan shi ne irin na zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Kaduna na 2018, inda aka latsa na'ura. Idan ɗan jarida ya kira duka ukun zaɓe ta na'ura, talaka zai yi tsammanin abin da doka ba ta yi masa alkawari ba, ranar da ya gane kuwa sai ya yanke ƙauna. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: mu ce tantancewa da na'ura, kaɗa ƙuri'a da na'ura, aika sakamako ta intanet.

Akwai kuma bambancin da na'urar Edison ta fito da shi fili. Tasa tana buga sunan kowa kusa da zaɓinsa, domin ɗan majalisa ba shi da sirri a gaban waɗanda suka tura shi. Ta babban zaɓe kuwa dole ta ɓoye wanda ya kaɗa, ta kuma tabbatar da abin da aka kaɗa, kuma haɗa waɗannan biyu shi ne wuyar aikin.

Darasin da na ɗauka daga rayuwar wannan bawan Allah shi ne na'urarsa ba ta da aibi, masu iko ne suka ga cewa tsohon tsarin ya fi yi musu amfani. Kafin mu tambayi ingancin kowace na'ura, mu fara tambayar wane aiki cikin ukun za ta yi, kuma wa zai yi asara idan ta yi shi daidai. Allah Ya sa mu dace.