Sarki Muhammadu Rumfa da Gidan da Ya Bari a Kano

A wannan makon mun kawo muku tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda har yau ake kiran fadar Kano da sunansa, wato Gidan Rumfa.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne. Shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. A zamaninsa Kano ta bunƙasa ƙwarai. Ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kuma kafa majalisar manyan hakimai da ake kira Tara ta Kano. Shi ya kawo busa kakaki da takalmin gashin jimina cikin kayan sarauta. A lokacinsa ne kuma babban malamin nan Shehu Maghili ya zo Kano daga ƙasar Aljeriya ta yanzu, har ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai riƙe jama'a da adalci.

Amma aikinsa da muka fi gani da idonmu shi ne fadar da ya gina. Magina sun yi ta da tubalin ƙasa, suka yi rufi da azara, wadda ake samu daga itacen giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Katangar tana da kauri, shi ya sa ɗakunan suke da sanyi ko da rana ta take. Gidan yana da ƙofofi kamar Ƙofar Kudu da Ƙofar Kwaru da Ƙofar Fatalwa. Akwai soraye da ake zaman fada, akwai kuma cikin gida inda iyalin sarki suke. Sarakunan da suka biyo baya sun ƙara gine-gine, kamar soraye masu bakan gizo da zane-zane a bango. Bayan jihadi sarakunan Fulani a nan suka zauna, haka kuma bayan zuwan Turawa a 1903.

To, yaya aka yi gidan ƙasa ya wuce shekara 500 ana zaune a ciki? Amsar ita ce gyara. Ginin ƙasa yana son yaɓe, in damina ta ci bango sai a sake shafe shi. Gidan Rumfa bai taɓa rasa masu kula da shi ba. Ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa kuwa ba ta samu wannan gata ba. Wurare da yawa sun zube, wasu an ɗebe ƙasarsu, wasu an yi gini a kai, wasu sun zama juji.

Mu ɗalibai muna da abin yi. Mu daina zuba shara a jikin ganuwa, mu daina rubutu a tsofaffin bangaye. Muna kuma roƙon malamanmu su shirya mana ziyara zuwa gidan tarihi na Gidan Makama, wanda yake kusa da fadar, domin mu gani da idonmu.

Allah Ya jiƙan Sarki Muhammadu Rumfa, amin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.