Ibn Muƙla, Wazirin Da Ya Auna Haruffa Da Ɗigo

Mu 'yan ajin ƙarshe, bana mun zaɓi mu kawo muku tarihin mutumin da kullum muke cin moriyar aikinsa, alhali da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Duk wanda ya buɗe littafin Nahawu ko Fiƙihu bugun Masar ko Bairut, ya ga haruffa sun zauna daram, kowane da girmansa, to ya ga gadon Ibn Muƙla.

Sunansa Abu Ali Muhammad ɗan Ali, an haife shi a Bagadaza a shekara ta 272 bayan Hijira, wato wajen 886 Miladiyya, zamanin daular Abbasiyya. Gidansu gidan marubuta ne, har ɗan'uwansa ma gwanin rubutu ne. Ya fara aikin gwamnati da karɓar haraji a ƙasar Farisa, ya yi ta hawa har ya zama waziri a shekarar 928. Halifofi uku ya yi wa wazirci: Muƙtadir, Ƙahir da Radi.

A wancan lokaci an fi rubuta Alƙur'ani da rubutun Kufi, mai kusurwoyi da tsayayyun layuka. Magatakarda kuwa suna da nasu rubutun na sauri, amma fa kowa da irin hannunsa, babu wata ƙa'ida da ta haɗa su. Sai Ibn Muƙla ya fito da ma'auni. Ya ce a fara da ɗigo, wato tabon da bakin alƙalami ke bari in an danna shi a takarda. Da wannan ɗigo ake auna tsayin alif, wani salon ɗigo biyar, wani bakwai. Sannan a zana da'ira wadda faɗinta daidai yake da tsayin alif ɗin, sauran haruffa masu lanƙwasa irin su ra da nun duk daga jikinta ake fitar da su. Ke nan in ka feƙe alƙalami mai faɗin baki rubutu zai yi girma, in siriri ne zai ƙanƙance, amma siffar harafi tana nan yadda take. A kan wannan tsari aka gina salon rubutu shida da suka shahara, ciki har da Naskhi da Sulusi.

To amma mulki ba shi da tabbas. An tuɓe shi daga wazirci a 936, iko ya koma hannun wani shugaban soja, Ibn Ra'iƙ, wanda ya ƙwace masa dukiya. Ibn Muƙla ya shiga rubuta wasiƙu a asirce don a kawar da shi. Asiri ya tonu, aka kama shi, aka yanke masa hannun dama a 938. Ku duba fa, hannun da ya gyara wa duniya rubutu! Masu tarihi sun ruwaito cewa bai daina ba, yakan ɗaure alƙalami a dungun ya ci gaba da rubutu. Daga baya aka yanke masa harshe, ya rasu a kurkuku a shekara ta 328 bayan Hijira, daidai da 940. Allah Ya jiƙansa.

Yau babu wata takarda da masana suka tabbatar da hannunsa ya rubuta ta, amma ƙa'idarsa ta rayu. Ibn Bawwab, shi ma ɗan Bagadaza, ya ƙawata ta, kuma Alƙur'anin da ya rubuta a shekara ta 391 bayan Hijira yana nan ajiye a wani ɗakin karatu a birnin Dublin. Bayansa Yaƙut Musta'asimi ya ɗora. Da injin ɗab'i ya zo, maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta zuba haruffan ƙarfe a kan salon Naskhi, saboda ya fi sauƙin karantawa. Mus'hafin Madina da alhazanmu ke kawo mana tsaraba, Usman Taha ya rubuta shi da Naskhi. Har haruffan Larabcin da ke cikin wayoyinmu da kwamfuta, yawancinsu daga nan suka samo asali. Sulusi kuwa shi ake gani a bangon masallatai da kanun littattafai.

Rubutun allonmu da na Alƙur'anin Warshu da kakanninmu suka rubuta da hannu, shi ta wata hanya ya biyo, daga Magrib ya gangaro mana, shi ya sa fa ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake. Kowanne da kyansa, kuma ya kamata mu iya duka biyun.

Abin da ya fi damunmu shi ne, da yawanmu yanzu yatsa ya saba da latsa waya, hannu ya mutu, har malam kan kasa karanta abin da muka rubuta a jarrabawa. Mutumin da aka yanke wa hannu bai ajiye alƙalami ba, mu da Allah Ya bar mana namu lafiya lau ba mu da uzuri. Muna roƙon ƙannenmu da za su gaje mu su riƙa feƙe alƙalami suna gwada alif da ɗigo, ko layi ɗaya ne a rana, iyaye kuma a taimaka da tawada da takarda.