Muhammadu Bello, Sarkin Musulmin da ya rubuta littafi kan ciwon ido

A filinmu na mazan jiya yau mun ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Galibi an san shi da sarauta da yaƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutumin nan ya zauna ya yi rubutu a kan cututtukan jikin ɗan Adam, har da littafi guda sukutum a kan ido.

An haifi Bello a 1781. Mahaifinsa Shehu haifaffen Maratta ne, wadda ke cikin ƙasarmu Nijar ta yau, wajen Ƙonni. Bello ya tashi a Degel, ya yi karatu wajen mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe mulki shekara 20.

Mu mutanen bakin Komadugu mun san tarihin nan ba duka ne mai daɗi ba. An yi faɗa tsakanin Sakkwato da Borno, kuma Bello da Shehu Laminu al-Kanemi sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin yaƙar Borno. Bello ya saka wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, har da hujjojin abokin gardamarsa. Dukansu biyu malamai ne, kuma dukansu sun bar duniya a 1837.

To, mu dawo kan magani. Cikin rubuce-rubucen Bello akwai Masugul Lujaini, wanda ya keɓe shi ga maganin ido. Akwai wani a kan basir, wani a kan tsutsar ciki, wani a kan ciwon ƙoda, da wasu a kan maganin da aka ruwaito daga Manzon Allah (SAW). Kun ga ai waɗannan su ne cututtukan da har gobe suke kwantar da manomi da masunci. Sarkin da ke da ƙasa mai faɗi a hannunsa bai ga ƙasƙanci ba ne ya ɗauki alƙalami a kan su.

Neman saninsa bai tsaya ga abin da ke gida ba, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofarmu. A watan Fabrairu na 1823 wasu Turawan Ingila uku, Denham, Clapperton da likita Oudney, suka ƙetaro Sahara suka gangaro gaɓar tafkin Chadi. Sun bi ta Barwa, wadda suka tarar gari ne mai ganuwa, suka haye Komadugu suka nufi Kukawa. Daga baya Clapperton da Oudney suka kama hanyar ƙasar Hausa, amma likitan ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris, kuma cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa likita. Da Clapperton ya sake tasowa ya taho da likitoci, sai dai ba wanda ya kai Sakkwato a cikinsu. Abin da ya kai shi ne littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Uƙlidis da na Ibn Sina. Shi kansa Clapperton a Sakkwato ya rasu, a Afrilun 1827.

Wane irin ilimin jiki ne ke cikin littattafan likitancin Larabci na wancan lokaci? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo bayanin ƙasusuwa, gaɓoɓi, tsoka da jijiyoyi a kashin farko na babban littafinsa al-Ƙanun. Ya ƙirga ƙasusuwan gadon baya: 7 a wuya, 12 a baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, kuma haka likitocin yau suke ƙirgawa. Ya san laka tana bi ta cikin waɗannan ƙasusuwa daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi na fita daga gare ta dama da hagu. Yau an tabbatar tagwaye 31 ne, su ke kai umarni ga hannu da ƙafa, su dawo da labarin zafi da sanyi. Shi ya sa wanda ya faɗo daga itace ko babur ya karya baya, ƙafafunsa kan mutu ko da babu rauni a jikinsu. Irin wannan mutum ba a naɗe shi a cusa a mota, ba a ja masa baya. A shimfiɗe shi a kan abu mai ƙarfi, kada wuya ya motsa, sai likita.

A wajen ido kuwa magabata sun gane abubuwa da yawa, sun kuma kuskure wasu. Sun ɗauka yanar ido wani ruwa ne da ke sauka ya daskare a gaban abin gani. Maganinsu shi ne a soka allura a ture yanar ta faɗa cikin ido. Daga baya aka gano yadda abin yake. Haske na shiga ta gilashin gaban ido, ya wuce ta baƙin tsakiya, ya ratsa wani ɗan madubi garai-garai da ke bayansa, ya sauka a kan shimfiɗar da ke can ƙuryar ido, jijiyar gani ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Yana ba wani ruwa ba ne, ɗan madubin nan ne da kansa ke yin hazo, galibi saboda tsufa. Yau likita na cire shi ya sa na roba a gurbinsa, aikin da ba ya kai awa guda.

Ga inda muke so a saurara da kyau. Har yanzu akwai masu yawo ƙauye-ƙauye da allura suna ture yana irin ta da. Mutum kan ga haske kwana biyu, daga nan ido ya kumbura, ya yi ruwa, ganin ya tafi ke nan, kuma sau da yawa likita ba ya iya gyara abin da allura ta ɓata. Hawan jinin ido shi kuma a ɓoye yake cin jijiyar gani, abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai awo ya kama shi da wuri. Amosanin ido, mai juyar da gashin ido yana gogar ƙwaya, yana raguwa da wanke fuskar yara da tsabtar gida, kuma akwai ƙaramin aiki da ake yi wa fatar idon.

Bello ya yi aiki da iyakar sanin zamaninsa, kuma da ya ji akwai ƙari a wani wuri ya aika a kawo masa. Wanda ya ce zuwa asibiti rashin tawakkali ne, to ga malami ɗan malami, shugaban Musulmi, ya nemi likita daga ƙasar da ba ta Musulmi ba. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, can kabarinsa yake, ɗan uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Saƙonmu ga 'yan uwa na waje da ke aiko da kuɗin abinci: idan kun buga waya gida ku tambayi tsoho ko tsohuwa yadda suke gani. In an ce hazo ya fara rufe ido, a keɓe kuɗin mota a kai su Difa a duba, kafin mai allura ya riga ku. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.