Narambaɗa: Makaɗin kotson da ya kai sunan Isa duniya

A 'yan shekarun nan, da an ambaci Isa da Sabon Birni a labarai, abin da ke biyo baya shi ne harin 'yan bindiga da gudun hijira. Amma kafin wannan masifa, yankin gabashin Sakkwato ya yi suna ne da waƙa, kuma babu wanda ya ɗaga wannan suna kamar Ibrahim Narambaɗa.

An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19 a ƙauyen Tubali, wanda a da yake ƙasar Isa, yanzu kuma yana Ƙaramar Hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan kokawa ne. Mahaifiyarsa, Riba, 'yar gidan makaɗa ce daga Badarawa, kuma ta wajenta ya gaji kotso.

Da farko sawun mahaifinsa ya bi, ya yi kokawa har ya yi suna a karkararsu. Daga baya ya koma kiɗan noma, yana zuga manoma a gona. Laƙabinsa kuwa ya samo shi ne daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa.

Rayuwarsa ta sauya lokacin da ya shiga fadar Isa, ya zama makaɗin Sarkin Gobir Ahmadu. A nan ya yi mafi yawan waƙoƙin da ake tunawa da shi, ciki har da Bakandamiya da waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge.

Waƙar fada ta girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya kawo shi ne zurfi. A bakinsa yabon sarki ya zama wurin koyar da tarihi da nasaba, da yi wa 'yan sarki masu jiran gado zambo da habaici, da jan hankali kan haƙuri da ƙaddara da juyin zamani. Yakan ɗauko misali daga dawa da gona da kogi, ya saƙa shi da karin harshen yankinsa, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa masa magana kamar da baki ɗaya ake yi.

Irin wannan tasiri ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganinsa ba. A zamanin da Narambaɗa ke tashe, a Amurka akwai Louis Armstrong, mai busa ƙaho da aka haifa a New Orleans a 1901. Shi ma ya tarar da kiɗan jaz ana yi, amma faya-fayan da ya naɗa daga 1925 zuwa 1928 suka sauya yadda ake busa. Kowannensu ya gaji abu, ya bar shi a matsayin da na baya ke auna kansu da shi.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Waƙoƙinsa da aka samu naɗa sun rayu ta gidajen rediyo da kaset, yanzu kuma suna yawo a wayoyin matasan da ko iyayensu ba su taɓa ganinsa ba.

A jami'o'i ma bai mutu ba. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009, sannan a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa don nazarin waƙoƙinsa.

Sai dai akwai abin da littafi ba ya riƙewa. Ma'anar kalmominsa da labarin mutanen da ya ambata suna bakin dattawan Tubali da Isa da Sabon Birni, waɗanda rashin tsaro ke tarwatsawa. Duk dattijon da ya kwanta dama ba a zauna da shi ba, ya tafi da wani yanki na Narambaɗa.