Huldrik Zwingli da Gardamar Jibin Ubangiji

An haifi Huldrik Zwingli a ƙauyen Wildhaus, cikin duwatsun ƙasar Suwizalan, ranar 1 ga Janairu, 1484. Ya zama firist na Katolika a shekarar 1506. A 1519 ya kama aiki a babbar majami'ar birnin Zurik, inda ya soma wa'azi daga Bisharar Matiyu, sura bayan sura.

Nazarin Littafi Mai Tsarki ya kai shi ga tambaya mai nauyi: mene ne mai bi yake karɓa a teburin Ubangiji? Ikilisiyar Katolika tana koyar da cewa gurasa da ruwan inabi suna rikiɗewa su zama ainihin jiki da jinin Kristi. Martin Luta na Jamus bai yarda da rikiɗewar ba, amma ya tsaya a kan cewa jikin Kristi yana nan da gaske tare da gurasar. Zwingli kuwa ya ɗauki gurasar a matsayin alama da abin tunawa, domin jikin Ubangiji yana hannun dama na Uba. A 1525 Zurik ta soma cin Jibi da akusa da ƙoƙuna na itace.

A watan Oktoba na 1529, Filibus mai mulkin Hes ya haɗa malaman biyu a Marburg domin su daidaita. Suka amince da batutuwa 14 cikin 15, na Jibi kaɗai ya gagara. Luta ya riƙe kalmomin Yesu a kan gurasa, Zwingli ya dogara ga Yahaya 6:63. Suka rabu, masu gyaran ikilisiya suka dāre gida biyu.

Zwingli ya mutu a fagen yaƙin Kappel ranar 11 ga Oktoba, 1531, yana da shekara 47. A 1549 magajinsa Bullinger ya daidaita da Yohanna Kalvin, cewa mai bi yana ci daga Kristi ta wurin bangaskiya da ikon Ruhu Mai Tsarki.

Waɗannan koyarwa suna raye a ƙasarmu. ERCC mai hedkwata a Alushi tana bin tafarkin Kalvin, LCCN tana bin na Luta, duk da haka suna zumunci cikin TEKAN. Iyaye a Azuba da kewayen Lafiya, ku koya wa 'ya'yanku abin da ikilisiyarku ta gaskata game da Jibi, ku kuma bayyana musu na maƙwabta da gaskiya, ba tare da reni ba.