Claude Monet, mai zanen da ya ba Faransa furannin bado

An haifi Claude Monet a birnin Paris a 1840. Ya sha talauci da ba'a kafin zanensa na fentin mai ya karɓu. Babbar majami'ar Rouen kaɗai ya zana ta sama da sau 30, yana bin sauyin haske daga hantsi zuwa almuru.

Da shari'ar Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, ta raba Faransa biyu, Monet ya mara wa masu kare shi baya. Washegarin tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, ya yi wa Firaminista Clemenceau alkawarin ba ƙasar zanen furannin badon tafkinsa na Giverny. Yanar ido ta kusa makantar da shi, amma bai ajiye aikin ba har rasuwarsa a 1926.